Keke Biyu da Salula Ɗaya: Safiyar da Muka Fita Kallon Garinmu

Gaisuwa daga Akokan, maƙwabciyar Arlit, a jihar Agadas.

Ranar da aka kawo shawarar mu sayi keke da ribar asusu, kowa ta ɗaga hannu. Har masu makulli uku sun buɗe akwati, ma'ajiya ta fara ƙirga, sai dattijuwarmu ta yi tambaya: "Wai na ƙafa za a saya ko na hannu?" Ashe rabin taron keken ɗinki suke nufi. Ƙaramarmu da ta kawo maganar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, na hawa nake nufi." Aka yi tsit, sannan aka fashe da dariya har da masu hawaye. Mako uku muna jan maganar. A ƙarshe muka sayi kekuna biyu na hannu, bisa sharaɗin za a riƙa ba da su haya ga masu kai kaya kasuwa, kuɗin ya koma akwati, ranar Lahadi da safe kuwa namu ne.

Ga wadda ba ta taɓa zuwa nan ba, bari mu ɗan kwatanta mata. Daga Agadas zuwa Arlit kusan kilomita 240 ne, ka yi arewa, a kan hanyar da ake kira hanyar yuraniyom. Garin bai tsufa ba, wasu iyayenmu ma sun girme shi. Ma'adini ne ya kafa shi. Kamfanin Somair ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Kominak kuma a 1978, Akokan ta tashi domin ma'aikatanta. Mutane suka zo daga Maradi, Damagaram, Tawa, Doso, har da ƙasashen maƙwabta, suka tarar da Abzinawa da raƙumansu. A lokacin har ana yi wa garin kirari da ƙaramar Faris. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Kominak, ma'adinin da ke ciki ya ja baya. Gidaje da yawa suka kwashe suka koma garuruwansu. Mu da muka rage muka ƙara riƙe asusu da hannu biyu, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maradi a 1991. Zubinmu dala 100 ne duk mako, tarar latti dala 10.

To, a gari irin wannan me mace za ta fita kallo? Abin da aka yi ta tambayarmu ke nan. Mu kanmu mun saba cewa Arlit ba komai sai ƙura da rana. Yawancinmu mun fi shekara ashirin a nan, amma hanyoyin da muka sani uku ne: ta kasuwa, ta likita, ta gidan biki ko gaisuwa. Ko hoton da ke jikin bangon ɗakunanmu na wata ƙasa ne, kalanda mai dusar ƙanƙara da furannin roba da ƙura ta mai da su ruwan ƙasa.

Koyon hawan ma labari ne. A cikin gidan sakatariyarmu muka koya, bayan sallar isha'i, ɗanta na riƙe da sirdi yana cewa, "Mama, ki daina kallon taya, ki kalli gaba!" Mun sha ƙasa, gwiwoyi sun shaida. Mun gane dole a sa wando a ƙarƙashin zane, a ɗaure bakin hijabi a ƙugu, don kada sarƙa ta kama shi. Kowace ta nemi izinin maigidanta. Wasu an bar su, wasu an ce a'a, ba mu tsananta wa kowa ba. Surutun unguwa kuwa an yi shi, an ce tsofai-tsofai da mu. Bayan wata guda masu surutun suka fara aiko da yara neman haya.

Fitarmu ta farko a tsakiyar ɗari ce, bayan asuba, mu shida da yaron nan riƙe da famfo da kayan faci. Biyu su hau, huɗu su taka, in an yi nisa a canza. Sanyin yana shiga har ƙashi, hannu ya ƙage a kan kan keke. Muka bar layukan gidajen da aka kulle, muka nufi garake na bakin gari. Wallahi, ƴan'uwa, ba mu san haka gabas take yi ba. Can wajen da duwatsun Abzin suke, sama ta fara yin toka-toka, ta koma ruwan goro, sannan ta yi ja kamar lallen da ya kama sosai. Yashin da muke zagi kullum don yana shigar mana tuwo, a wannan lokacin kwance yake luf, da layi-layi kamar an yi masa kitso.

Salula ɗaya ce mai kyawun hoto a cikinmu, ta ƙaramarmu, sai ta zama ta kowa. Hotunan farko duk baƙi suka fito, don mun fuskanci rana. Da muka juya mata baya sai abu ya fito sarai. Mun koyi goge idon salular da bakin mayafi kafin a ɗauka, da sa ta cikin leda in iska ta taso. Mun koyi cewa jawo hoto da yatsa ɓata shi yake, gara ki taka ki matsa kusa, ki durƙusa in ta kama. Kuma daga hantsi ya ɗaga, an gama, haske ya yi yawa, komai fari fat yake fitowa.

Da muka durƙusa ɗin ne muka ga abin da ba a gani daga tsaye. Ashe da dare yashin nan kasuwa ce. Ga sawun buzuzu kamar ɗinkin keke, ga na ƙadangare da jan wutsiyarsa a tsakiya, ga na kurciya. Ga tumfafiya, wadda muke rainawa, da ƴan furanninta fari da shunayya a tsakiyar ƙeƙasasshiyar ƙasa. Dattijuwarmu ta hana a karya ta, ta ce ruwanta fari in ya shiga ido illa yake yi. Ga aduwa guda ɗaya tsaye, awaki sun cinye ta iya inda bakinsu ya kai, ta zama kamar lema. A kan wani tsohon bango muka ga ɗan tsuntsu baƙi wuluk da farar hula. Ƴar'uwarmu Ba'abziniya ta ce mula-mula sunansa a wurinsu, kuma ganinsa alamar alheri ce. Sau bakwai muna ɗaukarsa yana tashi, a na takwas ya tsaya.

A garka muka yi sallama, muka nemi izini kafin mu ɗaga salula. Mai garkar, wani dattijo, ya ce, "Ku ɗauki salati da tumatir, ni dai ku bar ni da tsohuwar rigata." Kore shar a tsakiyar hamada, ƙamshin na'ana'a da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci. Ruwan da garin nan yake sha daga can ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, tsohon ruwa ne da ya taru tun zamanin da nan ba hamada ba ce, kuma ɗan ruwan saman da muke samu ba ya mayar da shi. Tun daga ranar, in muka ga famfo na zuba a banza sai gabanmu ya faɗi.

Abin da ya sa muka ce lalle sai mun rubuto muku, a hanyar dawowa ya faru. Ƙaramarmu ta hango wani dutse a gefen hanya, iya cikin tafin hannu, mai ratsin rawaya, kyakkyawa ƙwarai. Ta ɗauka ta jefa a kwandon keke ta ce a kan kabad ɗinta zai zauna, kusa da jeren kwanoni. Dattijuwarmu, wadda maigidanta ya yi shekaru yana aiki cikin rami, ta tsaya cak.

"Ɗiyata, mayar da shi inda kika gan shi."

"Inna, dutse ne fa kawai."

"Ƙila dutse ne kawai. Kin san daga inda ya fito? A ɗakin nan jaririnki yake kwana."

Duk muka yi shiru, don mun san abin da take nufi. Dutsen da aka fasa aka cire yuraniyom, da ragowar da ake tarawa, suna fitar da wani tiriri da ba shi da launi, ba shi da wari. Ido ba ya ganinsa, salula ma ba ta ɗaukarsa, sai na'urar awo. Tulin ragowar da ke gefen Akokan an ƙiyasta ya kai wajen tan miliyan 20, shi ne aka shiga aikin rufewa da laka da duwatsu bayan an rufe ramin. Tun 2003 ƙungiyar Aghir In'Man ta nan garin da masu binciken CRIIRAD na Faransa suke awo suna faɗakarwa. A watan Nuwamba 2009 ƴan Greenpeace suka zo, suka sami wani wuri a titin Akokan da awonsa ya ninka abin da aka saba samu kusan sau 500, suka kuma sami gurɓatattun ƙarafa a kasuwa. Daga baya an bi an kwashe a wuraren da aka gano. Ƴar garin nan, Amina Weira, ta yi fim a kan wannan zama namu a 2016. Saboda haka maganar Inna ba camfi ba ce.

Ƙaramarmu ta ajiye dutsen. Ta durƙusa, ta juya wa rana baya, ta ɗauke shi hoto. Muka zuba mata ruwan gora ta wanke hannu. Hoton nan yanzu shi ne a saman kabad ɗinta, kuma duk wadda ta shiga sai ta tambaya.

Daga nan muka kafa wa kanmu doka, aka rubuta ta a bayan littafin zubi. Abin da ya tsiro a inda muka sani, ko aka saƙa da hannun da muka sani, shi ke shiga ɗaki. Dutse, tsakuwa, guntun bututu ko tsohon ƙarfen da ba mu san asalinsa ba, a ɗauke shi hoto a bar shi. Wadda ke da irin wannan a gida tun da, kada ta jefar a bola yara su tsinta, ta fitar da shi daga ɗakin kwana ta nemi masu na'ura su auna. Ba ma kusantar shingen ma'adini ko wurin sojoji, ba ma ɗaga salula a can. Ba ma yin nisa da gari, ba ma fita mu kaɗai, kuma ranar da iska ta taso da ƙura, kekuna a ɗaki suke kwana.

Kada ku ce doka ta hana mu ƙawa. Mun kai hotuna goma sha biyu wurin mai wanke hoto. Ƴan'uwanmu Abzinawa suka saƙa musu baki da kaba, irin wadda ake kawowa daga ƙoramun Abzin, suka yi wa wasu ado da jar fata. Suka nuna mana shingen da suke yi da karan afazo, wanda ke kare iska a cikin bukkarsu, muka yi ƙanana muka jingina a bango. Muka zuba goruba da aduwa a faifai muka ajiye a tebur, in yaro ya ɗauka ya ci ma ba asara. Tulun da ya tsage muka cika da ƙasar garka muka shuka na'ana'a a bakin ƙofa. Reshe ɗanye kam ba ma sara, itacen garin nan ƙidayayye ne, abin da ya faɗo da kansa muke tsinta. Furannin roba muka wanke muka ba yara wasan ƴar tsana. Hotuna huɗu an saye su a wurin wani biki, har da na mula-mula, kuɗin ya shiga akwati, ya biya sabuwar taya.

A kan hanyar Agadas, a wani wuri da ake kira Dabus, akwai zanen raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya fi mita 5. Masana sun ce shekaru dubbai ke nan da sassaƙa shi, tun nan akwai ciyawa da ruwa. Yau in kina son ganin raƙumin dawa a Nijar sai ki gangara kudu, wajen Kure kusa da Yamai. Da muka nuna wa Inna hoton zanen, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Su ma sun ga abin da ya burge su, suka ajiye wa na baya." Mu ba mu da ƙarfin sassaƙa dutse, amma jikokinmu za su ga yadda aduwar nan take tsaye a shekarar da muka koyi keke.

Ƴan'uwa na Maradi, Tasawa, Konni da sauran wurare, ku naku garin ba irin haɗarin namu gare shi ba, ku kuna da gawo da kuka da tafki. Ku zaɓi safiya ɗaya, ko babu keke ku taka, ku ɗauki salula ɗaya ku fita bayan gari. Ku aiko da hoto ta hannun mai kula da wannan takarda, mu ma mu aika muku da namu. Yanzu mu tara ne muka iya hawa, Inna ce ta goma, ta ce bayan salla za ta gwada, amma da sharaɗin ba mai ɗaukarta hoto.

Allah Ya albarkaci zubinmu, Ya tsare mana ƴaƴanmu daga abin da muke gani da wanda ba ma gani. Amin.