An tanadi ragon suna, ba a tanadi jini ba

Ban runtsa ba tun daren jiya, don haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Waɗanda suka daɗe a shafin nan sun san yadda muka rasa Yayata a kan gadon haihuwa. Jiya saura ƙiris in sake ganin irin wannan rana.

Ƙarfe ɗayan dare muka kai maƙwabciyata asibiti a adaidaita sahu. Haihuwa ta shida, ta sauka lafiya, namiji, har mun fara kiran 'yan'uwa. Can sai nas ta leƙo ta ce jini ya ɓalle, mahaifa ta ƙi tsukewa. Na shiga na ga zanen da na ɗaura mata ya jiƙe sharkaf, leɓenta ya yi fari, hannunta sanyi ƙalau, tana ce min, "Maman yara, ki riƙe min su." An yi mata allura, an ɗaura ruwa, nas tana ta murza mata ciki. Likita ya ce a kawo jini leda biyu yanzu-yanzu.

Maza huɗu ne a tsaye a baranda. Mijin ya ce shi ma jininsa ba shi da yawa. Ƙaninsa ya fita amsa waya, bai dawo ba. Ko rukunin jininta babu wanda ya sani a cikinsu, alhali yana rubuce a katin awonta. Mai adaidaitar da ya kawo mu, yaron da bai santa ba, shi ya naɗe hannun riga ya bi ma'aikacin ɗakin gwaji. Maigidana ya ba da ta biyu. Allah Ya saka wa yaron nan da alheri, Ya jiƙan magabatansa.

Abin da ke cin raina, rago yana ɗaure a gidan maƙwabciyata tun cikin yana wata bakwai. An yi ɗinkin fitar suna, an sayi itacen wankan jego. Mutum biyu da za a kira idan an nemi jini, su ne ba a tanada ba.

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, abin da zaman jinya ya koya min nake faɗa. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya, kuma tana iya ɗauke mace mai lafiya cikin awa biyu. Idan jinin da ya zuba ya kai rabin lita, an shiga haɗari. Shi ya sa binciken da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta yi aiki a cikinsa, wanda aka fitar a 2023, ya burge ni: leda mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mace, a daina kintace da ido, a haɗa magunguna a lokaci guda. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. Likitoci suna nasu ƙoƙarin. Amma jini ba a ƙera shi a kamfani, a jikin mutum yake. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, kuma namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk wata uku.

Na san wani zai rubuto min cewa ajali ne, idan kwana ya ƙare ko jinin duniya aka ƙara sai an tafi. Wallahi na yarda, ni da na yi wa Yayata wanka. Amma ragon ma ai ba a bar shi ga ƙaddara ba, kasuwa aka je aka saye shi. Wani kuma zai ce na tsani maza. Maza biyu ne suka ba da jinin jiya, ɗaya mijina ne. Da waɗanda suka zame nake, kuma ba zan fasa faɗa ba.

Da safe maƙwabciyata ta buɗe ido ta tambayi jaririn. Har yanzu ba ta iya zama ta ba shi nono sai an tallafe ta. Bayan Azahar zan koma mata da kunu. Ku saka ta a addu'a.