Bayan an kira ka Dakta, sai me?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Kwana uku ke nan abin yana ci na a rai, na ga gara in faɗe shi a nan.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a Sabo, na haɗu da wani yayanmu da na daɗe ban gani ba. Ba zan kama suna ba, Dakta kawai muke ce masa. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka Ibadan da 'yar jakata, shi ya nema mini ɗaki a Agbowo, lokacin yana dab da kammala digirinsa na uku a fannin tarihi. Yau kusan shekara biyu ke nan.

Muka zauna wajen mai shayi. Na ce, "Dakta, wace jami'a ce ta yi sa'ar samun ka?" Sai ya yi dariya, ya zuge jaka, ya nuna mini ƙaramar rakoda da damin takardun tambayoyi. Wata ƙungiya ce ta ɗauke shi aikin sati uku. Da rana ya bi kasuwanni yana hira da 'yan kasuwarmu, da dare ya zauna ya mayar da hirar Turanci. Kuɗin yini ake biyan sa. In rahoto ya fito, sunansa na can shafin godiya, shi ma in an tuna. Ya ce ya kai takardunsa jami'o'i bakwai. Wasu sun ce babu gurbi, wasu sun ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata, wasu ko amsa babu.

Wallahi shayin nan ƙin wucewa ya yi. Domin a satin ne sufabaizana ya ce kada in tsaya, ina gama mastas in zarce. Baba ya ji daɗi, har ya fara kira na Dakta a waya. Inna kuwa tambayarta ɗaya ce: "To yaushe za ka fara cin guminka?" Ga kuma gidan su yarinyar da nake nema, sau biyu ke nan suna aiko da tambayar inda aka kwana.

Na tambaye shi ina matsalar take, ya warware mini dalla-dalla. Mu 'yan tarihi, adabi, siyasa da nazarin zamantakewa, kusan ƙofa ɗaya duk muke layi a kai, wato koyarwa a jami'a. Wuraren da bincike ne ainihin aikinsu ba su da yawa: NISER a nan Ibadan, NIIA a Legas, NIPSS a Kuru, sai irin su Arewa House a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano, waɗanda su ma ƙarƙashin jami'o'i suke. Ba kullum suke ɗaukar mutane ba. Kuɗin bincike na TETFund kuma ta hannun makarantu yake bi, ma'aikatansu ake ba wa. Ke nan sai kana ciki za ka samu kuɗin bincike, kuma in ka zo shiga, binciken da ka wallafa za a fara tambayar ka. Ga yajin aiki: na ASUU a 2022 kaɗai wata takwas ya cinye, kuma ba wanda zai rage maka su daga shekarunka.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne da ya ce, "Ƙanena, kada ka ɗora wa gwamnati duka, ni ma da nawa laifin. Shekara biyar ina rubuta kundi saboda mutum biyar da za su zauna su yi mini tambayoyi. Ban fitar da maƙala ko ɗaya a mujallar kirki ba. Ban taɓa koyon rubuta takardar neman tallafi ba. Na ɗauka takardar shaida ce za ta yi magana a madadina. Ashe kurma ce."

Sai ya nuna titin da muke zaune a bakinsa. Ya ce a farkon shekarun 1960 wani masani, Abner Cohen, ya zo daga Ingila ya zauna a Sabon nan yana nazarin fataucin goro da shanu. Littafinsa ya fito a 1969, kuma har yau duk mai rubutu kan Hausawan Kurmi sai ya ambace shi. Ya yi aikinsa, ba wanda zai ga laifinsa. To mu fa? A nan muke sallah, a nan muke cin tuwo, dattawan unguwar 'ya'yansu suke ɗaukar mu. Abin da baƙo zai shekara bai ji ba, mu a zama ɗaya za a gaya mana. Wasunmu sun yi allo, suna karanta ajami da Larabci, ga takardu jibge a Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna suna jiran mai karantawa. Wannan ita ce hajarmu, kuma ita muke sayarwa a kuɗin yini, wani ya sa sunansa a bangon littafi.

Na kwana ina juya maganar. Ban fasa niyyar digiri na uku ba, amma na daina ganin sa a matsayin tikitin aiki. Na yi wa kaina alkawarin ba zan cike fom ba sai na mayar da babi ɗaya na kundina maƙala na tura wa mujalla, ko da za a dawo mini da ita da jan biro. Zan riƙa zuwa tarukan IFRA da ke cikin Cibiyar Nazarin Afirka, wadda kullum nake wucewa ta gabanta kamar ba don ni aka buɗe ba. Zan riƙa bibiyar sanarwar CODESRIA ta Dakar, in nema, in faɗi, in sake nema. In kuma an kira ni aikin tattara bayanai zan je, don ciki ba ya jiran wallafa. Sai dai kafin in kunna rakoda zan tambaya: sunana zai shiga cikin marubuta? An yarda in yi amfani da bayanan a nawa binciken? In an ce a'a, aƙalla na san abin da na sayar.

Jiya na kira Inna na ce ta ƙara mini haƙuri kaɗan. Ta ce haƙuri ba ya ƙarewa a wurinta, amma ita ba ta san na surukaina ba.

Yayyenmu da suka riga mu gamawa, don Allah ku gaya mana gaskiyar yadda kuka ƙare, mai daɗi da marar daɗi, tun muna da damar gyarawa. Shi kuma Dakta ranar Litinin zai gama aikin sati ukun. Ku sa shi a addu'a. Allah Ya sa mu ci moriyar wahalarmu.