Agogon da Ya Tsaya Ranar Alhamis

Ranar da aka zauna rabon gado, bayan an gama da gida da gona, sai aka jawo adakar marigayin tsakar ɗaki. Malamin da ke rabon ya ce a fito da komai, domin a shari'a ko allura ce sai an yi mata kuɗi. Aka fito da manyan riguna huɗu, da huluna, da baƙin takalmi sau-ciki ƙafa ɗaya, da agogon hannu naɗe cikin hankici. Dillalin da aka kira don ya ƙiyasta kaya ya kara agogon a kunne, ya ce matacce ne, ya yanka masa kuɗin da bai kai na katin waya na mako guda ba. Babu wanda ya yi jayayya. Autan gidan, wanda ya zo daga Abuja da agogon zamani mai ƙidayar taku a hannunsa, ya ce a sa masa shi cikin rabonsa, tare da riga ɗaya da takalmin.

Sai da ya koma masauki ya dube shi da kyau. Seiko ne, da lamba 5 cikin ɗan tambari a ƙarƙashin sunan. Fuskarsa, wadda da fara ce, ta koma launin madarar da ta kwana. A ɗan tagar da ke gefen ƙarfe uku akwai kwanan wata, kusa da shi kuma sunan rana da rubutun Larabci: Alhamis. Auta ya yi lissafi. Daren Talata aka kwantar da mahaifinsa a asibiti, aka ce a cire masa agogo don a sami jijiyar ƙarin ruwa. Daga daren Talata zuwa tsakar ranar Alhamis, awa arba'in ke nan ko kusa da haka. A lokacin bai san cewa wannan shi ne daidai ƙarfin da irin wannan agogo ke iya ajiyewa ba.

Tsarabar Jidda

Hajiya ce ta ba shi tarihinsa. Mahaifinsa hedimasta ne a lokacin da hukumar Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, aka kuma biya su ariyas. Wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure, shi kuwa ya biya kujerar Makka. A Jidda, ana jiran jirgin dawowa, ya sayi agogon. Abokan tafiyarsa masu hali Rado suka saya, wanda a lokacin shi ne agogon alhazai 'yan kasuwa. Samfurinsa mai suna DiaStar, da aka fitar a 1962, an yi jikinsa da wani ƙarfe mai taurin da ba ya ƙarzuwa cikin sauƙi, ga shi da ƙyalli. Malamin makaranta bai kai nan ba, ya tsaya inda aljihunsa ya tsaya.

Kamfanin Seiko ya samo asali ne daga shagon agogo da Kintaro Hattori ya buɗe a Tokiyo a 1881. A 1963 ya fitar da jerin agogon da ake kira Seiko 5, kuma lambar tana nuni ne ga alkawura biyar: agogon zai riƙa yi wa kansa wani, zai nuna rana da kwanan wata, zai jure ruwa, za a ɓoye ɗan kunnen da ake murɗawa a saitin ƙarfe huɗu don kada ya riƙa sukar bayan hannu, sannan jikinsa da madaurinsa za su jure wahala. An ƙera shi da yawa, an sayar da shi da sauƙi, an kuma buga sunayen ranaku da harsunan ƙasashen da za a kai shi. Na kasuwannin Larabawa suna ɗauke da Larabci da Ingilishi, shi ya sa a gidajen tsofaffin alhazai da yawa, daga Kano har Damagaram, ake tarar da agogon Japan mai faɗin rana da harshen Makka. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Wannan araha ce, ta kuma yi wa mai ita ado kusan shekara hamsin.

Hajiya ta ce kullum da dare, in an buga lokaci a rediyo kafin labarai, sai ya ɗaga hannu ya duba, in da gyara ya gyara. Da shi yake sa a kaɗa ƙararrawar makaranta, da shi yake sanin lokacin fita masallaci. "Auta," in ji ta, "ban taɓa ganin ya sa masa batir ba. Cewa yake yi, in kana motsi yana motsi."

Abin da ke ciki

Maganar tsohon ba azanci ba ce kawai, bayanin injin ne. A bayan agogon akwai wani faifan ƙarfe mai siffar rabin wata, wanda ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa. Juyawarsa ke naɗe wani dogon sifirin da ke cikin ɗan gwangwani. Sifirin ɗin na warwarewa a hankali, yana tura jerin ƙafafu masu haƙora, har ƙarfin ya isa ga wata 'yar ƙafa mai lilo wadda siririyar waya kamar gashi ke riƙe da ita. A yawancin irin waɗannan agogo, lilon na bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa, fiye da sau rabin miliyan a yini. Don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ana dasa ƙananan duwatsun yaƙutu na haɗi a wuraren da ake gogayya, su ne ake rubuta adadinsu a fuskar agogo, 17 ko 21. A kan kowanne akwai ɗigon mai wanda ido ba ya gani sai da madubi. In an ajiye agogon, sifirin zai ƙare warwarewa cikin kimanin awa arba'in, komai ya tsaya.

Wannan dabara ta girmi Seiko. Wani Baturen Ingila, John Harwood, ya yi rajistar agogon hannu mai yi wa kansa wani a shekarun 1920, Rolex kuma ya fito da faifan da ke zagayawa gaba ɗaya a 1931. Abin mamaki, kamfanin da ya sauko da wannan fasaha zuwa aljihun malamin makaranta shi ne kuma ya kusa kashe ta. Ranar 25 ga Disamba, 1969, Seiko ya fara sayar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙanƙarar dutsen kwaz. Farashinsa yen 450,000, kuɗin mota a lokacin. Cikin shekara goma farashin irinsa ya faɗi warwas. Ma'aikatan masana'antar agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, suka ragu zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku a tsakiyar shekarun 1980. Agogon sifirin na iya yin kuskuren rabin minti a yini. Na batir mai araha, irin Casio F-91W da ya fito a 1989, sai ya yi wata guda kafin ya yi wannan kuskuren. In don sanin lokaci ne kawai, an daɗe da yanke hukunci.

Teburin mai gyara

Auta ya girgiza agogon, ya yi tafiyar minti uku ya tsaya. Ya zaga masu gyara uku a kasuwa, duk batir suke canzawa da madauri, babu mai buɗe inji. Na ukun ne ya kwatanta masa wani dattijo a can lungu, mai ɗan tebur da akwatin gilashi, da madubin ido ɗaya rataye a wuya.

Dattijon ya buɗe bayan, ya daɗe yana dubawa. Ya ce man ya bushe ya zama danƙo, robar da ke tare ruwa ta farfashe, ƙafa ɗaya kuma haƙoranta sun cinye. Sannan ya ajiye madubin.

"Samari, hanya biyu ce. In kana sauri, in cire wannan injin in dasa maka na batir. Kafin la'asar ka tafi da abinka, kuɗin kaɗan ne, daga waje kuma babu mai ganewa. In kuwa shi kake so, sai na warware shi ɗaya bayan ɗaya, na wanke, na nemo ƙafar a jikin wani mataccen. Mako uku, kuma kuɗin ya fi abin da za a saye shi."

"Baba, ku wanne kuka ga ya fi?"

"Na wane ne?"

"Na mahaifina ne. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To, ba ni zan zaɓa maka ba."

Auta ya tsaya yana duban injin a buɗe. A cikin murfin bayan akwai wasu ƙananan alamu da aka ƙarza da tsinin ƙarfe. Dattijon ya ce al'adar masu gyara ce, duk wanda ya wanke agogo yakan bar shaida. Suka ƙidaya guda bakwai. Sau bakwai ke nan hedimasta ya cire agogonsa ya miƙa, ya biya, ya jira. Auta ya ce a yi mako ukun.

Ya tambaya ko za a sake fentin fuskar ta koma fara, a kuma goge ƙarzunan jikin. Dattijon ya hana shi. Ya ce masu sayar da tsofaffin agogo a intanet sun cika kasuwa da irin wannan: tsohon inji, fuska mai sabon fenti mai ruwan ɗorawa ko kore, wanda kamfanin bai taɓa yin irinsa ba. Masu sanin abin kuwa fuskar da ta tsufa da kanta suke nema. Da tsohuwar zuma ake magani.

Riga da takalmi

A cikin mako ukun ne Auta ya koma kan sauran rabonsa. Ya kai takalmin wurin baduku, aka juya shi aka nuna masa ɗinkin da ya zagaye tafin. Akwai wata siririyar fata da aka ɗinke tsakanin saman takalmin da tafinsa, saboda haka in tafin ya cinye, sai a farke shi a ɗinka sabo ba tare da an taɓa saman ba. Wannan shi ne ɗinkin da ake kira da sunan Goodyear, wanda masana'antun garin Northampton na Ingila suka shahara da shi tun ƙarni na 19. Badukun ya ce wannan an canza masa tafi aƙalla sau biyu. Takalman da Auta ke saya kuwa da gam ake manne su, in sun ɓare sai bola. Sai dai takalmin ya yi masa kaɗan. Ya sa aka gyara, ya kai wa wansa.

Rigar ba ta da wannan matsala. Babbar riga ba ta da awon kafaɗa ko na ƙugu, faɗinta ake naɗewa a ɗora bisa kafaɗa, don haka rigar uba takan zauna wa ɗa ba tare da tela ya taɓa ta ba. Wannan ta saƙi ce, ƙyalle-ƙyalle aka haɗa, da aikin hannu na aska takwas a ƙirji, wanda ya ci watanni kafin a gama. Wuyan ya sha gyara da zare mai ɗan bambancin launi. Hajiya ta ce riguna huɗun nan su ne na fitarsa tun da ta san shi: a wanke, a kai mabuga, a naɗe da turare a mayar adaka. Auta ya tuna da durowarsa, cike da shaddodin ankon biki, wasu sau ɗaya aka sa.

Mujallun ado na ƙasashen waje suna da dogon bayani a kan abin da suke kira tufafin maza marasa tsufa, har matasa a Landan da Tokiyo na biyan kuɗi mai yawa don sabon kaya mai kama da tsoho. Abin da ke cikin adakar hedimasta ya fi wannan sauƙin fahimta. Kowane ɗaya daga cikin ukun an yi shi ne da tunanin wata rana zai lalace, aka bar ƙofar da mai gyara zai shiga: murfin da ake kwancewa, ɗinkin da ake farkewa, wuyan da ake sakewa. Sauran aikin na mai kayan ne, ya yarda ya riƙa komawa.

Da mako uku suka cika, dattijon ya miƙo agogon yana tafiya, ya nuna alama ta takwas a cikin murfi. Ya ce yana gudu da kimanin daƙiƙa ashirin a yini, a riƙa gyara shi ranar Juma'a, kada a shiga wanka da shi. Ya ce bayan shekara biyar a dawo da shi, in da rai. Auta ya tambaya ko yana da yaron da yake koya wa. Dattijon ya ce 'ya'yansa gilashin waya suke mannawa a bakin titi, kuma ba ya ganin laifinsu, can ne ciniki yake.

Kafin ya tashi, Auta ya sayi matattun Seiko biyu daga gwangwanin dattijon, don ranar da za a nemi wata ƙafar. Ya cire agogon zamaninsa ya sa a aljihu, ya ɗaura na mahaifinsa. Madaurin ya yi masa yawa da gaɓa ɗaya, dattijon ya cire ta, ya naɗe masa a takarda ya ce ya adana. Tagar ranar tana nuna Litinin.