Injin Motar Baba



Shekara shida ke nan motar Baba, Mercedes 911, tana kwance a ƙofar gidanmu a Dutsin-Ma, tun da injinta ya buga. Ita ta yi ta jigilar tumatirin Zobe zuwa Katsina, da kuɗinta muka yi karatu. Bayan rasuwarsa 'yan gwangwan suka taya, rabin gidan suka ce a sallama a raba gado. Mu kuwa muka roƙi wata uku mu nemo inji.

Irin wanda ta zo da shi muke so, OM 352 mai silinda shida. Mun taka Ƙofar Ruwa a Kano, mun taka Panteka a Kaduna. Amsar ɗaya ce: "Kun makara, an farfasa an sayar a kilo."

Saura kwana tara wa'adi ya cika, wani bakanike ya tura mu nan Kurfi, wajen wani tsohon direba da ya lulluɓe nasa da tamfol. Bai yi zancen kuɗi ba, sai da ya tambayi 'ya'yan wane ne mu. Ashe tare suka yi yaran mota da Baba.

Ya ce, "Ku ɗauka, ku biya bayan kaka. Amma ranar da ta tashi, ku kawo ta in ji kukanta."

Ba ta tashi ba tukuna, bakanike na kan aiki. Roƙonmu ɗaya: mai tsohon inji, kafin ya ɗora shi kan sikeli, ya yi cigiya a nan.

Allah Ya jiƙan iyayenmu.