Na je Gurara, amma Zugurma ta gagare ni

Ranar Asabar da ta wuce, bayan mun gama jarabawar zangon farko, 'yan ajinmu na mastas muka yi karo-karo muka ɗauki bas daga Minna zuwa Gurara. Ana kaucewa ne daga titin Minna zuwa Suleja. Tun kafin ka hango ruwan za ka fara jin rugugi kamar hadari na tahowa. Da muka gangara, sai ga shi yana zubowa daga kan duwatsu, tsayin kusan mita 30, fari fat, feshinsa na jiƙa mana riguna. Wani abokinmu da ya yi wata guda ba ya dariya saboda kwas ɗin istatistiks, ranar har ihu ya yi.

Muna zaune muna cin tsire da burodi sai wani ɗan Kano a cikinmu ya ce min: "Kai mutumin Kontagora, ai gandun dajin Zugurma a bayan gidanku yake. Tafiya ta gaba kai za ka ja mu." Kowa ya ce eh wallahi. Ni kuwa na yi murmushi kawai, don ban taɓa shiga Zugurma ba. Ko sau ɗaya.

Ga wanda bai sani ba, Gandun Dajin Kainji kashi biyu ne: Borgu a yammacin tafkin, Zugurma a gabas, ɓangarenmu ke nan, ta hanyar Kontagora zuwa Mokwa. A ƙarshen shekarun 1970 aka haɗe su suka zama gandu guda na ƙasa, bayan kammala madatsar ruwan Kainji a 1968. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Baba yakan ba mu labarin yadda malamansu suka kai su suna 'yan sakandare, suka ga gwanki da garken birai, suka kwana ba wanda ya ji tsoron komai sai sauro.

Abin da 'yan ajin ba su sani ba, taken bincikena na farko a kan Zugurma ne: yadda ƙauyukan da ke gefen gandun ke amfana da shi. Wata uku ina wahala a kan furofozal. Da lokacin zuwa fili ya yi, na gaya wa Inna. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Ɗan nan, digirin ya tsaya inda yake. Ban haife ka don in riƙa jiran kiran waya ba." Ban iya musu ba. Mu da muke bin hanyar Tegina duk lokacin komawa makaranta, mun san abin da ya faru da ɗaliban Kagara da 'yan Islamiyyar Tegina a 2021. Malamin da ke duba aikina ma ya ce rai ya fi takarda. Haka na sauya take, na koma kan Gurara, wata ukun nan suka tafi a banza.

Asarar watannin ba ta dame ni ba kamar abin da ƙanina ya faɗa. Shekararsa tara. Da hutu na tambaye shi, "Auta, me ake samu a daji?" Bai ko yi tunani ba ya ce, "'Yan bindiga." Bai ce gwanki ba, bai ce kanya ko ɗinya ba. A wurin Baba daji wurin yawon buɗe ido ne, a wurina wurin da aka hana ni zuwa, shi kuma yaron nan abin da ya sani ke nan.

Idan muna lissafin ɓarnar rashin tsaro, rayuka da gonaki da kuɗin fansa muke ƙirgawa, kuma su ne gaba. Amma wannan ma asara ce. Yaron da ya tashi yana tsoron daji, wa zai ce masa gobe ya hana a sare shi?

Na dai yanke shawara, hutun nan in Allah Ya yarda zan ɗauko Auta in kai shi Gurara, ya ji rugugin da kunnensa. Zugurma kuma tana nan a rubuce a shafin ƙarshe na littafin bincikena, ban goge ba.

'Yan Neja da ke nan, wa ya taɓa shiga Zugurma ko Borgu? A wace shekara, kuma me kuka gani? Ku ba mu labari, in karanta wa Auta. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.