Dabos: Garin Da Ake Tona Ƙanƙara Kafin A Taka Ta

Yau ki nemo rigar sanyi mai kauri, za mu leƙa Dabos, wani gari a tsaunukan ƙasar Suwizalan mai tudun mita 1,560.

A hunturu, duk inda kika duba fari fat. Mutane na ɗaura dogayen katako a ƙafa, su hau tsauni su sulalo. Wasu ma sukan bar hanyoyin da aka gyara, su nufi inda ba mai tsaro. Nan haɗarin yake, domin dusar ƙanƙara kan zaftare ta binne mutum.

Ga yadda abin yake. Dusar na sauka hawa-hawa. Wani hawan kan daskare ya yi tauri, wani kuma ya zama garas-garas kamar sukari. Ki ɗora faranti a kan zubabben gero a gangare, me zai faru? To, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa hawan saman ya zame. An fi samun haka a gangare mai digiri 30 zuwa 45, musamman bayan sabuwar dusa, ko iska mai ƙarfi, ko ɗumi na farat ɗaya.

Shi ya sa masu hankali kan haƙa rami su duba hawa-hawan, su bubbuga da shebur su ga inda zai tsage. In suka ji ƙasa ta ce "wum", sai su juya.

A Dabos akwai cibiyar binciken wannan lamari, wadda ta faro a 1936. Kullum a hunturu tana sanar da matakin haɗari, daga 1 zuwa 5. Abin mamaki, an fi mutuwa a mataki na 3, lokacin da mutane ke ganin da sauƙi.

Wanda ya binnu kuwa, in aka tono shi cikin minti 15, galibi yana rayuwa. Bayan haka numfashi ke ƙarewa. Don haka ake so kowa ya ɗauki na'urar gano mutum, da sandar laluba, da shebur.

In kina da ɗa mai karatu a Turai, ya ce za su hawa tsauni, tambaye shi: mataki na nawa aka sanar yau? Akwai jagora? Kayan ceton fa? In babu, ce masa ya haƙura. Tsaunin na nan, ba inda za shi.