Madugu Shi Kaɗai Ba Ya Kai Ayari Gwanja

A ofishin da nake aiki, a wata jami'a da ke arewacin Ingila, ƙarfe huɗu na yamma lokaci ne mai nauyi. Hukumar UKRI, wadda aka kafa a 2018 don ta haɗa majalisun bincike bakwai na Birtaniya a inuwa ɗaya, ta saba rufe karɓar takardun neman tallafi a daidai wannan lokacin, kuma kwamfuta ba ta san magiya ba. Wata Talata cikin hunturu, saura kwana biyu a rufe, na ga shugabar sashenmu, dattijuwa mai furfura da ta haura shekara ashirin tana wannan aiki, ta cire tabarau ta ɗaga waya ta kira wani farfesa. Ta shaida masa cewa ya sa albashin mataimakinsa na shekara uku amma ya manta da kason fansho da na inshorar ƙasa da jami'a ke ɗorawa a kai, kuma bai ware ko kwabo ba don fassara takardun neman yardar mutanen da za a yi wa tambayoyi a Kenya. Farfesan nan, wanda ake gayyata ƙasa-ƙasa don a saurare shi, ya yi godiya, ya ce ta gyara yadda ta ga ya dace.

Ina jin haka sai malamina na gida ya faɗo mini a rai. Shi ya duba aikina na digiri na biyu a wata jami'a ta arewacin Nijeriya, masanin ƙasar noma ne da ba a ja da shi. Akwai shekarar da ya samo tallafi daga waje don gwada wasu irin wake a gonakin manoma. Shi ya rubuta takardar neman da dare, ga ƙarar janareta. Shi ya tsara kasafin, shi ya riƙa yawo da fayil a hammata daga wannan ofis zuwa wancan yana neman sa hannu. Rasidan man fetur da na taki da na ladan leburori kuwa suna cikin wata baƙar leda a ƙarƙashin kujerar motarsa. Rahoton kuɗi ya makara, kashi na biyu na tallafin ya tsaya, ruwa ya sauka ya ɗauke ba a yi shuka ba. Damina ba ta jiran sa hannun kowa. Babu wanda ya ci kuɗin nan, babu kuma wanda ya yi sakaci da gangan. Mutum ɗaya ne aka bar wa aikin mutum biyar.

Kakanninmu fatake ba su yi wannan kuskuren ba. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, amma yana da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai kula da sauka da tashi, da malamin ayari mai rubutu da lissafi. Kowa da sunan aikinsa, kowa da darajarsa. Abin da na tarar a jami'o'in Ingila ke nan: sun raba wa ayarin bincike ayyuka, suka mai da kowanne sana'a.

Rukuni na farko su ne masu raino tun bincike yana tunani. Su ke bibiyar abin da masu ba da tallafi ke nema, irin su UKRI da gidauniyar Wellcome ta Landan, su haɗa likita da masanin lissafi da masanin zamantakewa a teburi ɗaya, su karanta daftari su ce nan hujja ta yi rauni. Idan an kira malami ganawa da alƙalan tallafi, sai su shirya masa zaman gwaji, su yi masa tambayoyi masu zafi tun kafin ranar. Rukuni na biyu su ne masu lissafin kasafi da masu duba yarjejeniya. Na uku su ke karɓar ragama bayan kuɗi ya shigo: wa aka ɗauka aiki, yaushe rahoto zai tafi, wane abokin hulɗa ne bai aiko da rasidansa ba. Babban shiri mai ƙasashe da yawa kuma yakan sami manaja nasa na kansa, wanda ke riƙe da zaren tafiyar daga farko har ƙarshe.

Mai shiga wannan layi yana ganin tsani a gabansa, daga ƙaramin jami'i har zuwa darakta. Akwai ƙungiyar ARMA da ke ba da horo da takardun shaidar ƙwarewa. Da yawa daga cikin abokan aikina suna da digiri na uku, sun kuma zaɓi wannan hanya da idonsu biyu, babu mai yi musu kallon waɗanda suka kasa. A Amurka ma abin ya fi tsufa: ƙungiyarsu ta NCURA tun 1959 take, masu rainon bincike kuma suka kafa tasu, NORDP, a 2010.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya tsayar da sana'ar a nan shi ne yadda ake lissafin kuɗi. Idan jami'a za ta nemi tallafi, sai ta lissafa cikakken abin da binciken zai ci, har da wuta da gini da ɗakin karatu da lokacin ma'aikatan ofis, majalisun bincike su biya kashi 80 cikin 100. Ke nan a cikin kowane tallafi akwai kason da ke riƙe da ofishi irin namu. Ga kuma awon da ake yi wa jami'o'i mai suna REF, wanda aka yi a 2014 da 2021, inda sakamakonsa ke shafar kuɗin da kowace za ta samu. A na 2021, kashi 25 cikin 100 na maki ya dogara ne ga shaidar amfanin da bincike ya yi wa jama'a. Tattara irin wannan shaida aikin shekaru ne, dole a sami mai yin sa.

A gida, kuɗin bincike na cikin ƙasa galibi daga asusun TETFund yake fitowa, kuma jami'o'i da dama sun buɗe ofisoshin kula da bincike. Matsalar tana ga yadda ake cika su. Darakta farfesa ne mai azuzuwa da ɗalibai, wanda zai yi 'yan shekaru ya sauka. Ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa daga ofishin rajistara ake turo su, kuma wanda ya fara gane kan dokokin masu tallafi bana, baɗi ana iya mai da shi sashen ɗakunan kwanan ɗalibai. Sani ba ya taruwa a inda ake ta kwashe tukunya daga murhu. Sannan ga katangar da muka gina tsakanin masu koyarwa da waɗanda ba sa koyarwa, wadda ke sa a ga kamar raini ne ma'aikacin ofis ya ce wa farfesa kasafinsa bai yi ba.

Duk da haka an fara ganin haske. Tun 2006 aka kafa WARIMA, ƙungiyar masu wannan aiki a Afirka ta Yamma. Cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014, ciki har da cibiyar noma a busassun yankuna ta Jami'ar Bayero da ke Kano, an sharɗanta musu su riƙe akanta da jami'in saye da mai bibiyar sakamako. Waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan wurare sun koyi sana'ar a aikace. Abin da ya rage shi ne jami'a ta riƙe su idan shirin ya ƙare.

Ba zan ce komai na nan lafiya lau yake ba. Takardu sun yi yawa har gwamnati ta sa Farfesa Adam Tickell ya binciki lamarin, rahotonsa ya fito a 2022 yana neman a rage su. Yawancin manajojin shiri kwantiraginsu na mutuwa ne tare da tallafin. A 2021, da Birtaniya ta rage kuɗin agajin ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigarta, an datse tallafin ayyuka da yawa ana tsaka da su, kuma irinmu ne muka rubuta wa abokan hulɗa a Afirka wasiƙun da har yau nake jin ɗacinsu. Akwai kuma abin da muka fi su sani. Wanda ya iya shiga gari ta ƙofar dagaci da mai unguwa, ya san a gaida liman kafin a buɗe takardar tambayoyi, ya san matar aure sai mace ce za ta shiga wurinta, shi ma tafiyar da bincike yake yi. A nan ana biyan kuɗi a koyi wannan. A gida muna da masu shi, sai dai ba mu rubuta sunansu a kasafi ba.

Buƙatata ga shugabannin jami'o'inmu ba ta da yawa. A ba wannan aiki suna da matakan ƙarin girma nasa na kansa. A daina ɗauke wanda ya ƙware ana kai shi inda ba a buƙatar ƙwarewarsa. A kuma dage wa masu tallafi na waje su biya kuɗin ɗawainiya na gaskiya, a kashe shi a kan ofishin da ke ɗawainiyar. Ga matasanmu masu digiri kuwa, wanda yake son ilimi, ya iya lissafi da rubutu, yake da haƙurin zama da mutane, ya sani akwai ƙofa ta uku bayan allo da ɗakin gwaji.

Bara da na je gida na kai wa malamina ziyara. Ya yi ritaya, yana zaune a kan darduma a ƙofar gida. Ya tambaye ni ainihin aikin da nake yi a Turai, tunda na ce ba koyarwa nake ba. Na ce, “Malam, baƙar ledar nan taku ta ƙarƙashin kujerar mota, ita nake riƙe wa malamai.” Ya yi shiru jim kaɗan yana jan carbi, sannan ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki dawo ki riƙe wa na bayanmu.”